Wata Huɗu Kacal Na Ba Nasiru

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na taka cikin fili da ƙafata na fitar da Nasiru daga wasa a gaban mahaifinsa ba. Shekara huɗu ke nan, saura mako biyu babbar Sallah. Ku da kuka fara aikin koci bana kun ji ana cewa Koci Isiyaku ba ya saka sabon mai jifa a wasa sai ya shekara a benci, wasunku har suna cewa tsufa ne ya sa ni tsoro. Ba tsufa ba ne. Kunya ce, kuma yau zan faɗa muku inda na samo ta.

Ni ma'aikacin ofishin wasanni ne a nan Keffi. Shekara ashirin na yi ina koyar da ƙwallon hannu, kafin a tura ni Abuja kwas na mako biyu a kan ƙwallon Amurka, irin wadda ba a kokawa a cikinta. Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyar-biyar ne a fili, ƙwallon kuma doguwa ce kamar gwanda. Kowane ɗan wasa yana ɗaure da ɗamara mai ƙyalle biyu a ƙugu. Idan aka fizge ƙyallen wanda ke riƙe da ƙwallo, wasa ya tsaya a nan. Sau huɗu ake ba ku ku ƙetare tsakiyar fili, sau huɗu kuma ku kai ƙarshensa ku ci. Wanda komai ya rataya a wuyansa shi ne kwatabak, mu a nan mai jifa muke ce masa. Shi ke tara 'yan wasa a da'ira ya faɗa wa kowa inda zai ruga, shi ke karɓar ƙwallo, kuma daƙiƙa bakwai kawai gare shi ya duba wanda ba a tsare ba ya jefa masa. Idan ya jefa abokan hamayya suka cafe, ƙwallo ta koma hannunsu.

A kwas ɗin an nanata mana abu guda har ya gundure ni. Sabon mai jifa ba a gaggawa da shi. Ya zauna kakar wasa guda a bayan tsohon, yana riƙe da takardar tsarin wasa, yana kallo, ana tambayarsa me ya gani. Malamin ya ce ko a can ƙasar da ake biyan masu jifa kuɗi mai kauri, ƙungiyoyi da yawa sun lalata yara masu hannu saboda sun jefa su cikin wasa tun ba su nuna ba. Na rubuta a littafina, har na ja layi biyu a ƙasa. Littafin yana nan a gida, layin ma yana nan.

Da na dawo muka kafa ƙungiya da ɗaliban jami'a da samarin gari. Mai jifanmu Sunday ne, malamin firamare, mai natsuwa, amma hannunsa ba ya kai ƙwallo nesa. Aka ba ni mataimakiya, Madam Rifkatu, 'yar Garaku, mace mai ƙarancin magana wadda in ta buɗe baki sai ka gwammace ta yi shiru. Ni kuwa a lokacin na shekara bakwai a mataki na goma ina jiran na sha biyu, domin a aikin gwamnati babu na sha ɗaya. Duk abin da zai sa Darakta ya tuna da sunana, ina so.

Nasiru na tsince shi ne a wasan ƙwallon ƙafa na unguwa. Gola yake yi. Na ga ya cafe ƙwallo ya wurga ta da hannu ɗaya, ta wuce tsakiyar fili ta sauka a ƙafar wanda ya nufa. Na tsaya na sake kallo, ya sake yi. Shekararsa goma sha tara, dogo, siriri, ɗan Malam Shu'aibu tela na unguwar Liman Abaji. Na je shagon da kaina na roƙi uban. Malam Shu'aibu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Wasan nan ana cin abinci da shi?” Na ce masa akwai waɗanda ake ɗauka a biya su albashi, har ƙasar waje ana zuwa. Ya ce, “To, ga shi nan. Amana na ba ka.”

Cikin wata biyu Nasiru ya haddace tsarin wasanmu kaf. Jifarsa kuwa ba a magana. Ƙwallon tana fita daga hannunsa tana murzawa, ba ta rawa. Abu ɗaya ne na lura da shi ban ɗauke shi a bakin komai ba. A cikin da'ira muryarsa ba ta fita. Kansa a ƙasa yake ba da umarni, wani lokacin har da “don Allah”. Yara suna dariya, ni ma ina taya su.

A cikin masu karɓar jifarsa akwai Danjuma, wanda ya fi kowa shekaru a ƙungiyar, ya ba talatin baya. Unguwarsu ɗaya da Nasiru, abokin babban wansa ne, Yaya Danjuma yake ce masa. Danjuma yana da hannu mai kyau, yana kuma da baki. Da zarar an fara ruga sai ya ɗaga hannu ya kwarara kira, “Nasiru! Nan!” Ƙwallo kuwa sai ta je. A atisaye hakan yana yi mana kyau, domin masu tsaronmu ba su iya riƙe Danjuma.

Wata ranar Laraba bayan atisaye Madam Rifkatu ta tsare ni a gindin darbejiya.

Ta ce, “Oga, yaron nan bai nuna ba. Duk wanda ya girme shi ya kira, shi yake ba. Ka bar shi bayan Sunday har kaka ta ƙare, mu yi aiki a kan wannan.”

Na ce, “Madam, kin ga jifar nan kuwa? Sunday ko a mafarki ba zai yi irinta ba.”

Ta ce, “Na ga hannu. Ni ba hannu nake maka magana ba.”

Na yi mata irin dariyar da babba ke yi wa na ƙasa da shi idan ba ya son ya ji, na hau babur na tafi.

Ba a yi mako biyu ba Darakta ya kira ni ofis. Ya ce wata ƙungiya daga Abuja za ta zo mu kara, kuma za su zo da mutumin da ke zaɓen 'yan wasa zuwa sansanin horo, inda daga nan ake ɗaukar masu albashi. Ya ce, “Isiyaku, na ji kana da wani yaro. Ina son mutumin nan ya koma da sunan Keffi a takardarsa. Kai ma ka san fayil ɗinka yana kan teburina.” Na ce, “Ranka ya daɗe, yaron a shirye yake.” A ranar watansa huɗu da fara riƙe ƙwallon. Na san bai shirya ba. Ba wanda ya tilasta mini faɗin haka, bakina ne ya riga hankalina.

Ban tsaya nan ba. Na sake komawa Liman Abaji na gayyaci Malam Shu'aibu. Shagon cike yake da yadin Sallah har bakin ƙofa, kekunan ɗinki uku suna kuka, amma na dage. Na ce masa ya zo ya ga ranar da za a ɗauki ɗansa. Tela ya rufe shago saura mako biyu Sallah, duk wanda ya san garin nan ya san abin da hakan ke nufi. Ya rufe, ya zo da farar riga, na sa aka ba shi kujera a ƙarƙashin rumfa kusa da Darakta.

Aka fara bayan la'asar. Jifar Nasiru ta farko har yau ina ganinta. Akwai wani ƙaramin ɗan wasanmu Audu, sa'ansa, mai gudu kamar an koro shi. Nasiru ya ɗaga ƙwallo ta ƙetare kusan rabin fili ta faɗa hannun Audu yana cikin gudu, ya shige ya ci. Fili ya ɗauka da sowa. Na saci kallon baƙon mai zaɓen 'yan wasa, na ga yana rubutu. Na saci kallon Darakta, na ga yana gyara hula. A zuciyata har na fara lissafin yadda mataki na sha biyu zai zauna mini.

Kocin Abuja ba yaro ba ne. Ya ji yadda Danjuma ke kira, sai ya ɗora masa mutum biyu. Shi kuma Danjuma ya san a shekarunsa wannan ce damarsa ta ƙarshe da wani mai takarda zai kalle shi, don haka ya ƙara buɗe murya. “Nasiru! Nan!” Nasiru ya jefa, suka cafe. Na daka tsawa daga bakin layi. Muka sake karɓar ƙwallo, Danjuma ya sake kira, suka sake cafewa, wannan karon har suka ruga suka ci. Madam Rifkatu ta matso ta ce a hankali, “Oga, ka fitar da Danjuma, ka bar yaron.” Ban ko waiwaye ta ba. Bayan hutun rabin lokaci aka yi ta uku.

A nan ne shaiɗan ya hau kaina, ko in faɗi gaskiya, a nan ne halina ya fito. Ƙa'ida ita ce koci ya ɗaga wa alƙali hannu, ya kira lambar ɗan wasa daga bakin layi, a yi canji. Ni ban yi haka ba. Na taka har tsakiyar fili, na kama ɗamarar da ke ƙugun Nasiru na ɓalle ta da hannuna, na ce da muryar da kowa a rumfa ya ji, “Ba ka da zuciyar wasan nan! Koma shagon ubanka ka riƙa saka maɓalli, abin da ka iya ke nan!”

 Nasiru ya durƙusa a kan ciyawa, kansa a ƙasa, ya ce, “Yi haƙuri, Koci.” Sai a lokacin na tuna wanda ke zaune a rumfa. Na waiwaya, na ga Malam Shu'aibu ya miƙe, ya yi wa Darakta sallama kamar yadda ya kamata, ya gyara rigarsa ya fita a natse. Sunday ya shiga, aka lallasa mu duk da haka. Baƙon ya koma Abuja bai ɗauki kowa ba.

Bayan kowane wasa koci yana rubuta rahoto, mataimaki ya sa hannu a ƙasa, sannan a kai wa Darakta. Ranar Litinin na rubuta nawa. Na ce sabon mai jifa ya rikice saboda taro, ba ya iya karanta fili, ba na ba da shawarar a ci gaba da shi. Na miƙa wa Madam Rifkatu. Ta karanta, ta ajiye biro.

Ta ce, “Ba zan sa hannu ba, Oga.”

Na ce, “Kin san da wa kike magana?”

Ta ce, “Na sani. Zauna ka kalli wannan, in ka gama ka kai ni ƙara.”

Ashe ta sa an ɗauki wasan da waya. Ta nuna mini jifar farko da aka cafe, tana tsayar da hoton da yatsa. Ga Nasiru ya karɓi ƙwallo, kansa ya juya hagu inda Audu ya kuɓuce ba kowa kusa da shi, hannunsa har ya tashi. Sai ka ji muryar Danjuma. Sai ka ga kafaɗar yaron ta tsaya, ya juya dama, ya jefa cikin mutum biyu. Ta biyu haka. Ta uku haka, har a wannan ana ganin ya ɗan yi jim, kamar mai son ya ƙi, sannan ya jefa.

Ta ce, “Ya gani, Oga. Sau uku ya gani daidai. Idonsa ba shi da laifi. Babba ne ya kira shi a gaban jama'a.”

 Abin da ya fi ƙona ni shi ne ni ɗan garin nan ne. Haka aka rene ni, haka na rene 'ya'yana. Da ɗana zai ji abokin wansa ya kira sunansa a bainar jama'a ya yi kamar bai ji ba, da ni zan fara kai masa mari. Shekara goma sha tara iyayensa suna gina masa wannan hali, ni kuma ina son ya ajiye shi a bakin layi cikin wata huɗu, ba tare da na taɓa zaunar da shi na ce masa a cikin fili an yafe masa ba. Na yaga rahoton na rubuta wani, na ce laifin na koci ne. Fayil ɗina ya ƙara shekara biyu a kan teburin, kuma ban ga laifin kowa ba.

Nasiru bai sake zuwa atisaye ba. Ya kamata in je gidansu washegari. Ban je ba. Na ce bari Sallah ta wuce, suna cikin aiki. Sallah ta wuce na ce bari ran Malam ya huce. Mako biyar ina zagaye Liman Abaji ta wata hanya, ni da nake tsawa a fili kamar babu wanda nake tsoro. Danjuma ma ya riga ni zuwa, ya je ya ba da haƙuri, ya dawo ya ce mini, “Koci, abeg ka je. Malam bai ce komai ba, shirun nan ya fi zagi.”

Na je wata ranar Alhamis da hantsi. Don in sami abin riƙewa a hannu sai na ɗauki wani yadin shadda da na daɗe da ajiyewa. Malam Shu'aibu ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Nasiru yana can ciki a kan tebur, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni ya koma. Na fara ba da haƙuri. Malam ya bar ni na gama.

Ya ce, “Saka maɓallin da ka faɗa, ba zagi ba ne a wurina. Da shi na ciyar da su. Tambaya ɗaya nake da ita. Wata nawa ka koya masa kafin ranar nan?”

Na ce, “Huɗu.”

Ya nuna mini wani tarin takardun buhun siminti a ƙarƙashin tebur, duk an yayyanka su. Ya ce a shagonsa mai koyo yana shekara biyu yana yankan takarda kafin almakashinsa ya taɓa yadin mutane. Ko ya iya yanka, akwai sauran aiki. Dattijo zai zo da yadi huɗu ya ce a fitar masa da ɗinkin yadi shida, yaron ya san ba zai isa ba, amma ba zai iya buɗe baki ya faɗa wa sa'an ubansa ba, sai ya karɓa ya ɓata kaya. Ya ce, “Shi ya sa nake tsayawa a bayansa. In ce wa dattijon, Alhaji, saurari yaron nan, ni na ba shi izini. Sau goma, sau ashirin, har bakinsa ya buɗe da kansa. Yaro mai tarbiyya ba ya ƙwace izini, Koci. Ba shi ake yi.”

 Tela ya faɗa mini a zaune abin da na rubuta a Abuja na ja wa layi biyu, har ya ƙara da abin da malamin kwas bai sani ba. Na ce ina roƙon a ba ni Nasiru ya dawo, zan zaunar da shi shekara guda, zan bi a hankali. Malam ya ce, “Ga shi nan, ba yaro ba ne. Tambaye shi.”

Nasiru ya ajiye almakashi ya matso. Bai ɗaga kai ba, kuma wallahi babu ɗigon gatse a muryarsa. Ya ce, “Koci, kai ka ce in koma shago. Na koma.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Umarnin babba ya sa ya jefa ƙwallo inda bai so ba, umarnin babba kuma ya fitar da shi daga wasan. Na ce masa fushi ne, na janye maganar. Ya ce ya gode, amma ya riga ya yi wa Baba alkawarin zama a shago, kuma ba ya jin zai iya sake tsayawa a filin nan mutane suna kallonsa. Sau uku na koma bayan haka. Amsar ba ta canja ba. Ban sake ganin hannu irin nasa ba, a Keffi ko a wajenta.

Abin da nake yi yanzu kun gani. Sabon mai jifa yana kaka guda a benci da takarda a hannu. A atisaye ina sa wanda ya fi kowa shekaru ya yi ta kwarara masa kira alhali a tsare yake, idan ya ƙi jefa masa duk mu tafa. Ranar da zai fara shiga wasa kuwa, babban cikin ƙungiya ne ke tsayawa a tsakiyar da'ira ya ce masa a gaban kowa, daga layin nan zuwa wancan kai ne babba, ka ji kirana ka ƙi ni, na yafe. Danjuma ne ya fara yin wannan da bakinsa, kuma shi ke yi har yau. Aikin koci ba gano mai hannu ba ne, wannan ko mai wucewa a babur zai iya. Aikin shi ne ka san gidan da yaro ya fito, ka tsaya a bayansa har lokacinsa ya yi, ko da fayil ɗinka yana jira a kan teburin wani.

Ranar Alhamis ɗin nan kafin in bar shagon, Malam Shu'aibu ya dubi shaddar da ke hannuna ya ce Nasiru ya auna ni. Na ce babbar riga nake so da 'yar ciki da wando. Nasiru ya warware yadin, ya auna, ya sake aunawa, ya dubi ubansa. Malam ya gyaɗa masa kai. Sai ya ɗago ya dube ni cikin ido, karo na farko tun da na san shi, ya ce, “Koci, ba zai isa ba. Kaftani zai yi.”

Kaftanin ne a jikina yau.